Tarago Huɗu a Rumfar Malam Mahmudu

Mushin, Legas
6 ga Mayu, 2024

Zuwa ga maigidana Malam Mahmudu Mailafiya mai fentin mota, bakin tashar manyan motoci, Kontagora.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fata kana lafiya, da Inna Larai da duk mutanen gida. Samuel ne, ɗan marigayi Na'Allah, wanda kake kira Sama'ila. Na haɗa da sunan babana ne don ina tsoron nawa shi kaɗai ba zai sa ka ƙarasa karantawa ba.

Yaya Rhoda ta ce kunnenka ya yi nauyi, ka daina ɗaukar waya, shi ya sa na rubuto takarda na ba Bappa direban tirelar shanu ya kawo maka tare da wannan kwali. Amma gaskiya, Baba, ko da kunnenka garau yake, ba ni da bakin da zan kira ka da shi.

Shekara takwas ke nan da na bar rumfarka ba sallama, saura wata bakwai ka yaye ni. Na bar maka motar Alhajin Mashegu rabin fenti, zakin da nake zanawa a ƙyauren baya ba ƙafafu, na bi wata mota zuwa Legas don na ji an ce can ake aikin zamani. Babana da ya kamo hannuna ya kawo ni wurinka ya rasu bai ga yayena ba. Ka koya mana cewa wanda ba a yaye ba ba ya sa sunansa a jikin aiki, wannan ɗaya dai na riƙe ta. Duk abin da na taɓa a garin nan, babu inda na rubuta Samuel. Shekarata talatin da ɗaya, amma a wajen sana'a har yau yaron shago ne ni.

Ina aiki a shagon wata mata, Madam Vivian. Muna ƙera ƙananan gidaje da gadoji da jirage, irin waɗanda ake sawa cikin akwatin gilashi a nuna wa mutane. Wata makarantar koyon sana'a ta ba mu aikin jirgin ƙasa mai lantarki, irin wanda ke ɗaukar ma'aikata safe da yamma a nan Legas. Ba ya hayaƙi, ba ya shan gas, wuta ce ke jan sa. Taragon huɗu ne, kowanne daga gwiwar hannu zuwa yatsa, na'ura ce ta zubo su da farar roba. Su ne a cikin kwalin, na naɗe su da tsumma.

Saura fenti da rubutu. Shuɗi ne da fari, sai lambar tarago, da sunan tasha a goshi, da gargaɗin da ke saman ƙofofi. Baƙaƙen ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Mun gwada sitika, laimar Legas ta ɗaye su, shugaban makarantar kuma ya ce aikin hannu yake so ɗalibansa su gani. Na gwada a kan guntun roba sau biyar, duk ya caɓe. Siririn rubutu shi ne abin da kake koyarwa a watannin ƙarshe, watannin da na gudu na bari.

Roƙona biyu ne. Ka taimaka ka yi mini wannan aiki. In ya yi kyau, zuciyarka kuma ta sauko, ka duba maganar yayena. Na biyun ya fi damuna. Na sa hoto biyu na ainihin jirgin, ɗaya ta gefe, ɗaya ta gaba. Za a baje kolin ranar Asabar, takwas ga Yuni.

Na bar ka lafiya. Ka gaida mini Inna.

Yaronka mai laifi,
Samuel Na'Allah

*

Kontagora
11 ga Mayu, 2024

Sama'ila,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Innarka na amsawa, ta ce a tambaye ka ko a Legas ba a sayar da takarda ne sai bana.

Na karanta wasiƙarka. Rubutun hannunka har yanzu yana jingina hagu kamar mai ciwon ƙugu. Zakin da kake magana na sa masa ƙafafu da kaina a ranar da ka tafi, Alhajin ya karɓi motarsa bai san an yi komai ba. Motar ma ta daɗe da mutuwa, kaji ke kwana a cikinta a Mashegu. Kada ka ƙara tuna mini da ita.

Na buɗe kwalin a gaban mutane, abin da bai kamata na yi ba. 'Yan kamasho suka ce tsufa ya kai ni wasan yara. Na ce musu motarsu ko makaho ya riƙe burushi zai rubuta mata lamba, wannan kuwa sai mai ido. Ban gaya musu cewa nawa idon sai da tabarau biyu a haɗe yake ganin abin ba.

Zan yi. Burushin da nake da shi duk sun yi kauri, don haka na tsinko gashi daga jelar kyanwar Innarka na ɗaure a tsinken tsintsiya. Kyanwar ta daina shiga ɗakina. Ruwa ya fara sauka, fenti ba ya saurin bushewa, ka ba ni mako uku.

Ni ban taɓa ganin jirgi mai lantarki ba. Wanda na sani shi ne na Zungeru, na hau shi ina saurayi zuwa Kaduna, kai a gaba yana huci, taragon gadi a baya da jar fitila. Amma abin hawa abin hawa ne, shekara arba'in da ɗaya ina yi musu kwalliya.

Maganar yaye kuwa, ba a yaye mutum a cikin ambulan. Bari aikin ya fita tukuna mu ga abin da Allah zai yi.

Ka huta lafiya.

Mahmudu Mailafiya

*

Kontagora
2 ga Yuni, 2024

Ƙanena Samuel,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Mama na Nasko, ƙafar ta yi sauƙi, ta ce a gaya maka ta shuka gyaɗa ko ba ka aiko da iri ba. Bappa zai tashi gobe da raguna, na ce bari in cusa tawa takardar cikin kwalinka, tun da in na kira ka minti biyu kake ba ni.

Ka san rumfar abincina na kallon ta Baba Mahmudu, to mako uku ke nan ba ni da abin kallo sai shi. Samuel, ka ta da tsohon nan daga barci. Tun da aka fara buga rubutun mota da na'ura a liƙa, aiki ya ja baya, yini yake yana gyangyaɗi a kan benci. Yanzu da hantsi ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya ɗora taragonka, ya haɗa tabarau biyu da zare a hanci. In zai ja layi sai ya ɗauke numfashi, ni da ke tsallaken hanya sai in ga na ɗauke nawa, ludayi a hannu. Ran nan har wake ya kama mini.

Direbobi har layi suke yi. Ba ya barin kowa ya matso sai ya kashe taba, ya kuma rufe baki in zai yi tari. Wani ya kai hannu zai taɓa, Baba ya buge shi da sandar awo, mutum mai mata uku. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Na yarona ne da ke Legas. Jirgin gwamnati suke ƙerawa." Na ce masa, "Baba, ba na gwamnati ba ne, na makaranta ne." Ya ce bai ji ba. In magana ba ta yi masa ba, kunnen ya fi nauyi.

Yarona fa yake cewa. Shekara takwas ban ji sunanka a bakinsa ba, ko da kuskure. Ka san abin da za ka yi da wannan, kada ka yi mana irin halinka.

Ka ci abinci, hoton da ka turo duk wuya ne.

Yayarka,
Rhoda

*

Kontagora
2 ga Yuni, 2024

Sama'ila,

Bayan gaisuwa. Ga aikinka nan. Kada ka ɗauke su da hannu mai gumi. Na sa maka burushin kyanwa da ragowar shuɗin a kwalbar turare, ko wani wuri zai goge a hanya.

Gefe da gaba na bi hoto, ban ƙara ko ɗigo ba. Baƙin gilashin direba, fitilu, sunan tasha a goshi, duk yadda suke. Amma ba ka aiko mini da hoton baya ba. Na ga tarago na huɗu ƙirarsa ɗaya da na farko, na ce rowar masu zubi ce, sun ƙi sassaƙa wani. Na san mutanen Legas ba su damu da bayan mota ba, ni kuwa ban taɓa sakin abin hawa da baya tsirara ba. Wanda ke bin ka a hanya, baya yake gani.

Don haka na ja masa layin gargaɗi ja da fari, na sa fure biyu, na rubuta A SAUKA LAFIYA. A ƙasa na sa AIKIN MAILAFIYA K/GORA, yadda nake sawa tun kafin a haife ka. Wannan bayan kaɗai ya ci mini kwana huɗu, kuma ban taɓa yin rubutu ƙarami kamarsa ba. Ina jin ba zan sake ba, idon ya gaya mini.

A ƙarƙashin sunana na bar fili daidai layi ɗaya. Ka san na mene ne. In an gama baje kolin ka roƙi mutanen su ara maka taragon, ka zo da shi bayan Sallah, in cike wurin da sunanka a gaban mutane kamar yadda na yi wa sauran yaran da na yaye.

Allah ya sa a karɓa.

Mahmudu Mailafiya

*

Mushin, Legas
10 ga Yuni, 2024

Yaya Rhoda,

Ina gaishe ki da Mama. Ki karanta wannan ke kaɗai, in kin gama ki sa a murhu. Na ɗauki waya sau uku zan kira ki na ajiye.

Kwalin ya iso ranar Laraba da rana. Na buɗe tarago na farko, na biyu, na uku, sai da na zauna a ƙasa. Yaya, ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Gargaɗin saman ƙofa sai da na sa gilashin ƙara girma na karanta, babu baƙi ɗaya da ya fi ɗan'uwansa tsawo. Sannan na buɗe na huɗu.

Jirgin nan ba shi da baya. Kai biyu gare shi. In ya kai tashar ƙarshe ba ya juyawa, direba ne ke sauka ya taka zuwa ɗaya kan ya ja shi ya koma. Duk wanda ya taɓa hawa ya san haka, shi ya sa ban ga abin faɗa ba. Na manta a Kontagora ko layin dogo babu. Wurin da Baba ya yi wa fure da jan layi, ya sa sunansa, fuskar jirgi ce, daidai inda gilashin direba yake. Laifina ne, layi ɗaya a wasiƙa da ya isa.

Saura kwana uku a baje koli, Madam Vivian ta tafi kasuwa sayen katako. Da na jira ta dawo na nuna mata na ce ga kuskuren da aka samu, ga wanda ya yi aikin, da ba ta kashe ni ba. Amma tun farko ban gaya mata na aika aikin gida ba. Ce mata na yi ina yi a ɗakina don ƙurar shago. Ita a saninta ni cikakken mai fenti ne da maigidansa ya sallama da albarka.

Na ɗauko tina, ruwan narkar da fenti, da samfefa mai laushi. Minti goma sha ɗaya, na duba agogo. Furen ne ya fara tafiya, sai A SAUKA LAFIYA, sai sunan Baba. Filin da ya bar mini ma na bi ta kansa, ko da yake babu abin gogewa a wurin. Na shafa shuɗin da ya aiko, na yi baƙin gilashi da fitilu. Sunan tasha na goshi kuwa ba yadda zan yi, dole na rubuta. Na ajiye kan tarago na farko da ya yi a gabana ina kwaikwaya, da burushinsa na kyanwa. Wannan karon bai caɓe ba, ban san dalili ba. Na fi jin kunyar wannan a kan komai.

Ban tsaya nan ba. Ranar Asabar mutane suka cika, aka sa jirgin a akwatin gilashi. Shugaban makarantar ya duƙa ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya ce wane ne ya yi wannan rubutu. Madam ta nuna ni. Ɗalibai suka yi tafi. Yaya, ban ce ni ne ba, amma na sunkuyar da kai irin na wanda aka yaba, na yi murmushi. Nan take aka rubuta kati aka jingina a jikin gilashin: Fenti da rubutu, Samuel Na'Allah. Karo na farko ke nan da sunana ya hau kan aiki.

Tun ranar ba na iya bin ta gaban madubin shago. Baba yana jiran in zo da taragon bayan Sallah, ban san da wane tarago zan zo ba. Ki gaya masa an karɓa, an yaba ƙwarai, wannan ba ƙarya ba ce. Sauran ki bar mini, zan nemi yadda zan faɗa masa da kaina. Don Allah, Yaya.

Ƙanenki,
Samuel

*

Kontagora
24 ga Yuni, 2024

Samuel,

Gaisuwa. Mama lafiya. Ban sa takardarka a murhu ba, tana nan, wata rana zan ba ka ka sake karantawa.

Na yi abin da ka ce. Na je na tsuguna na ɗaga murya na ce an karɓa, an yaba. Ya yi dariya har da tafa cinya, ya aika aka sayo wa 'yan rumfa goro. Ya sa Inna Larai ta fara kiwon zakara don ranar yayenka. Ni kuma na koma bakin tukunyata kamar wadda ta saci kuɗin baikon coci.

Abin da ba ka sani ba, Bappa ya je baje kolin nan. Ya ce shi ya ɗauko jirgin a gaban motarsa kamar jariri tun daga Kontagora, dole ya ga inda aka ajiye shi. Ya hango ka cikin manya sanye da kwat, ya ji nauyin matsowa da kayan raguna a jikinsa. Sai ya zagaya akwatin da waya ya ɗauki bidiyo, daga nan ya je ya hau ainihin jirgin don ya sami labarin bayarwa. Bai dawo ba sai bayan Sallah.

Ranar Laraba da hantsi ya zo rumfar, tasha cike. Mutane suka taru a kan wayar, aka ba Baba wuri a tsakiya. Ya kalli gefe, ya gyaɗa kai. Ya kalli gaba. Sai ya ce, "To, nuna musu bayan." Bappa ya matsar da hoton, sai ga wata fuskar. Baba ya ce, "Wannan ai gaban ne, na ce baya." Bappa ya ce, "Ai Baba jirgin nan ba shi da baya, kai biyu ne da shi, ni na hau." Ka san Bappa ba mugu ba ne, shi murna yake yi ya san abin da wasu ba su sani ba. Amma Baba bai ji ba, ya ce me. Bappa ya maimaita. Bai ji ba. Sai da ya faɗa sau uku, na ukun da ƙarfin da har masu faci a bakin titi suka juyo.

Duk wanda ke wurin ya ga furen nan da idonsa, mako guda Baba yana nuna musu. Wani ɗan kamasho ya ce, "Ashe a goshin direba Baba ya shuka fure." Aka fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin ta tasha ce, amma na so ƙasa ta tsage. Wannan kam ya ji ta, ko ya gan ta a bakunansu.

Ya nuna ɗan farin katin da ke jikin gilashi ya ce a ƙara masa girmansa. Bappa ya buɗa da yatsa. Baba ya gyara tabarau ya karanta, ya daɗe a kai fiye da yadda kalma biyar ke bukata. Ya miƙa wayar, ya ce wa Bappa an gode, ya naɗe farin ƙyallensa ya tafi gida tun azahar ba ta yi ba. Yau kwana biyar rumfar na rufe.

Jiya bayan coci na kai masa abinci. Na shirya zai zage ka in taya shi, sai na tarar ba kai yake zagi ba. Ya ce, "Rhoda, shekara arba'in da ɗaya, ban san gaban abin hawa da bayansa ba. Na tara mutane ina nuna musu jahilcina." Na ce laifin wanda bai yi bayani ba ne. Ya ce, "Da ya dawo mini da shi, da na goge da hannuna. Kwana ɗaya ne." Sai kuma ya tambaye ni ko na sani tun kafin Laraba. Na ce na sani. Ya ce, "To." Bai ci abincin ba sai da na fita, in ma ya ci.

Ni ka sa na yi wa dattijo ƙarya da rabin gaskiya, a tashar da nake neman abincina. Wannan tsakanina da kai ne, za mu yi ta daga baya. Yanzu ka rubuta masa, kuma kada ka biyo ta kaina. In ka ƙara kwana bakwai ba ka rubuto ba, ni zan kai masa takardarka ta ranar goma ga wata ya karanta da kansa.

Rhoda

*

Mushin, Legas
29 ga Yuni, 2024

Zuwa ga maigidana Malam Mahmudu,

Ina gaishe ka, Baba, in za ka karɓi gaisuwata. Ina gaida Inna.

Ba ka yi kuskure ba. Hoto biyu na aiko maka, na bar na uku, na kuma bar maganar da ta fi kowacce muhimmanci. Duk mai fentin da aka ba abin hawa bai ga bayansa ba, abin da ka yi zai yi, in ya iya. Dariyar da aka yi a tasha tawa ce, kai ka ɗauka a madadina.

Ni na goge bayan, da tina da samfefa, ba wanda ya sa ni. Na goge don kada uwar ɗakina ta gane ba ni na yi aikin ba, domin na yi mata ƙarya tun farko. Ko bayan na gyara fuskar, akwai wuri a ƙarƙashin tarago da zan iya mayar da sunanka, ban mayar ba. Da aka tambayi mai rubutun aka nuna ni, na yi shiru na karɓi tafi. Yaya Rhoda ba ta da laifi, ni na roƙe ta.

Ranar Alhamis na gaya wa Madam Vivian komai. Ta kalle ni ta ce ita ba rubutun ne ya dame ta ba, ƙaryar ce, shekara huɗu tana ba ni makullin shago. Ta karɓe makullin, ba ta kore ni ba tukuna. Jiya na je makarantar na sami shugaban a ofis na faɗa masa. Ya sa na maimaita a gaban ɗaliban da suka yi mini tafi, na maimaita. An cire katin, an sa wani: Fenti da rubutu, Malam Mahmudu Mailafiya, Kontagora. Ga hotonsa nan, na wanke a takarda don ka gani ba sai an buɗa maka waya ba. Na haɗa da hoton kawunan biyu daf da daf, don ka ga abin da na yi wa aikinka, kada ka ji a bakin wani.

Na san kati ba ya mayar da kwana huɗun da idonka ya ba ni. Maganar yaye na janye ta, ban cancanta ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka buɗe rumfarka. In ka yarda in zo in tsuguna a gabanta, a gaban 'yan kamashon nan, in faɗi abin da na faɗa wa ɗalibai, ko gobe Bappa zai taso da ni.

Ina jiran abin da ka ce, kowane iri ne.

Yaronka,
Samuel

*

Kontagora
7 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Samuel Na'Allah mai fenti, Legas.

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Na buɗe rumfa tun Litinin, ba sai ka zo ba.

Na sa tabarau biyu na duba hoton kawunan, na fita da shi rana na sake dubawa. Ban gane wanne ne nawa ba. Abin da nake dubawa ke nan a ranar yaye, ba wani abu ba. Na yaye ka. Daga yau ka sa sunanka a kan abin da hannunka ya yi. Zakaran kuwa, Innarka ta aika wa mahaifiyarka a Nasko, ta san dalili.

Ka ce su cire sunana daga katin. Ba na so a karanta shi a jikin abin da ban san gabansa ba.

Wanda aka yaye ba ya aiko wa maigidansa aiki, na gaya wa Bappa kada ya sake karɓo kwali. In ka zo gida Kirsimeti, ka biyo ta tasha mu gaisa, kamar yadda kowa ke biyowa.

Allah ya ba da sa'a.

Mahmudu Mailafiya